Ɗigo Ɗaya Daga Bayan Baba

A barandar asibiti wani matashin injiniya ya fara ganinta, ta durƙusa tana sa wa mahaifinta takalmi. Tsohon kafinta ne, wata shida ke nan yana manta sunayen kayan aikinsa, ran nan har ya ɓace a hanyar shago. Likita ya ɗebi ruwan ƙashin bayansa, ya turo su wajen Injiniya, ko za su yarda a gwada sabuwar na'urarsa.

Injiniya ya nuna musu ɗan falle, bai kai farce ba, da zirin zinare a jikinsa.

"Ɗigo ɗaya muke sawa, Baba. In da sinadarin da ke nuna ciwon mantuwa, sai ya manne a nan, ƙarfin lantarkin da ke ratsawa ya sauya."

"Wannan ɗan abin?" in ji ta. "Ai ɗan kunnena ya fi shi girma."

"Ya fi shi kyau ma," ya ce, sai kunya ta kama shi. Baba ya yi dariya har da tafa hannu.

Malamar firamare ce. Kafin sati biyu Injiniya ya san ƙofar gidansu, saƙonsa kuma ba ya wuce ƙarfe tara bai shigo wayarta ba.

"Malamata, ɗalibinki na gaisuwa. Yau ma na kasa karatu, laifinki ne."

"Zo da iyayenka," ta amsa.

Bayan wata guda likita ya tabbatar da ciwon. A nan ta ji cewa na'urar Injiniya ta nuna hakan tun ranar farko. Ta kira shi a waya.

"Ka sani, kana kallona ina ta sa rai?" Ta kashe wayar.

Mama ta fi ta zafi. "Ya zauna a falona, ya sha shayina, bai ce uffan ba! Kada ya sake tako mini gida."

Kwana tara ba ta ɗaga kiransa ba. Sai ya rubuto:

"Malamata, na'urar gwaji ce, tana iya kuskure, kuma faɗa hurumin likita ne. Kullum addu'a nake Allah ya sa aikina ne bai yi ba. Ki yafe mini."

Ta karanta, hawaye ya zubo. Tana tsakar gida Baba ya same ta, randar goge katako a hannunsa, ran nan kansa garau.

"Ina yaron nan mai zinare?"

Ta gaya masa komai. Ya kira Mama ya zaunar da ita.

"Amanar aikinsa ya riƙe, me ya yi? Ni dai ku ji: ina so in aurar da 'yata da bakina, tun ina gane fuskarta."

Mama ta rufe ido da mayafi. "To, ya zo."

Da ya zo, Malama ta tare shi a ƙofa. "In ni ma wata rana na manta ka fa?"

"Sai in gabatar da kaina kowace safiya. Ba zan gaji ba."

Ranar ɗaurin aure Baba ya tashi da ruɗewa, sau biyu yana tambayar taron mene ne. Amma da aka kawo ta gabansa sai ya kama hannunta, ya dube ta sosai.

"Autata ce wannan," ya ce wa ango. "Ba ta son a yi mata tsawa. Ka riƙe mini ita. Allah ya yi muku albarka."

Mama ce ta fara cewa amin.