Minti Goman Baba Masinja

Ranar wata Alhamis ta fara tsayawa a gaban teburinsa. Tebur ne mai akwatin gilashi a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai yankan makulli da mai sayar da cajar waya. Kowa a layin Mai Agogo yake ce masa. Yana ciro batir da ɗan hantsaki, sai inuwa ta tare masa haske.

Ta ce agogon dattijo take nema, wanda bai fi ƙarfin mai aiki a kemis ba. Mahaifinta za ta ba. Ya cika shekara ashirin da biyar yana masinja a makarantar firamare, shi ke buga ƙararrawa. Ita kuwa a gida Auta ake kiranta.

Ya fito mata da uku. Mai ruwan zinariya ya ce wata biyu zai koɗe ya bar wa Baba tabo a hannu. Mai lambobin lantarki ya ce ba ya ganuwa a rana. Na ukun mai baƙin maɗaurin fata ne, farar fuska, lambobi manya-manya, kuma duk ya fi araha.

"Kai wane irin ɗan kasuwa ne da kake kushe kayanka?" ta ce.

"Irin wanda yake so a dawo."

Ya tambayi kaurin hannun Baba, ba ta sani ba. Ya ce ta kawo tsohon agogon, ramin da ya fi buɗewa a maɗauri zai nuna. Ranar Asabar ta ɗauko shi Baba yana barcin rana. Mai Agogo ya gwada, ya ƙara huda rami ɗaya a sabon. Sai ya lura tsohon yana gaba da minti goma. Tun yana koyon aiki ubangidansa ya hore shi cewa agogo ba ya barin tebur da lokacin ƙarya, don haka ya ja ɗan kan da ake saita shi ya mayar da shi daidai, bai ma ga abin faɗa a ciki ba. Ya karɓi lambarta, wai saboda garanti.

Da yamma ya rubuta mata: "Autar Baba, agogon ya zauna a hannu? Mai tambayar ba don agogo kaɗai yake yi ba."

Ta amsa: "Ya sa albarka ya jefa shi a aljihu. Wai tsohon bai mutu ba tukuna. Sauran tambayar ka zo da ita da ƙafarka."

Abin da Mai Agogo bai kawo a rai ba, Baba ya san agogonsa yana gaba. Shekara da shekaru sai ya ga takwas da minti goma yake buga ƙararrawar takwas. Ranar Litinin ya yi lissafinsa yadda ya saba. Shiga aji ta makara, hutun tara ya makara, tashi ya makara. Hedimasta ya kira shi a gaban malamai ya tambaye shi ko tsufa ne ya fara, ko a nemo mai jini a jika. Baba ya koma gida ransa a ɓace. Sai da ya ji an faɗi lokaci a rediyo ya duba hannunsa, ya tara mutanen gida. Auta ta faɗi gaskiya.

Mako biyu Mai Agogo yana zuwa ƙofar gidan, ƙanin Baba mai yawan tsokana yana ce masa maigidan ya ce agogonsa bai nuna lokacin ganinsa ba. Mama ta sa baki, ta ce yaron ba da mugunta ya yi ba. Baba ya ce wanda ke sa hannu a abin da ba a aike shi ba, ba zai ɗauki 'ya ya ba shi ba.

Auta ta turo saƙo ɗaya: "Da ka tambaye ni." Daga nan ta daina amsawa.

Ana cikin haka ɗan maƙwabcinsu mai shagon waya, wanda ya daɗe yana kewaye Auta, ya ga ƙofa ta buɗe. Ya kawo wa Baba agogo mai tsada, irin wanda ake shafawa da yatsa. Baba ya juya shi, ya ce a tura masa shi gaba da minti goma. Saurayin ya yi dariya, ya ce wannan shi ke saita kansa daga waya, ba ya kuskure, Baba ya huta da lissafin mutanen da. Baba ya mayar da shi cikin kwalinsa, ya yi godiya, ya miƙa masa.

Mai yankan makulli ne ya gaji da ganin Mai Agogo yana zuba tagumi. Ya ce masa inda aka zubar da mutuncin tsohon can ake kwaso shi, ba a ƙofar gida ba.

Washegari ya rufe akwatinsa ya tafi makarantar. Ya jira lokacin tara, malamai sun cika ofis, ya yi sallama ya faɗa wa hedimasta abin da ya aikata tun daga farko. Wani malami ya yi dariya. Hedimasta ya cire tabarau, ya aika a kira Baba, ya ba shi haƙuri a gaban mutanen da ya kunyata shi a idonsu.

Baba ya koma bencinsa a gindin bishiyar da aka rataye ƙarfen ƙararrawa. Mai Agogo ya bi shi ya durƙusa. Baba ya laluba aljihu ya fito da sabon agogon.

"Ungo, saita min."

"Daidai, Baba, ko irin naka?"

"Au, yau ka iya tambaya?"

Ya tura shi gaba da minti goma, ya ɗaura masa. Ya so ya ji dalilin minti goman. Baba ya ce babu wani dalili, haka ya saye shi a hannun wani direba, kuma sun saba da juna.

"Kana da manya?" Baba ya tambaya yana duban maɗaurin.

"Akwai kawuna da yayana."

"To su zo. Tashi ka ba ni wuri, yara za su koma aji."

Bai kai bakin titi ba saƙonta ya shigo: "Mai Agogona, Baba ya kira Mama, ina jin su. Wai kana da kunya, kan ne dai da rawa. Ka ci abinci kuwa?"

Ya rubuta: "Yanzu zan iya ci, Autata."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Suka kama ɗaki biyu a bayan layin da yake aiki. Ranar da za ta tare Mama ta yi ta nasiha har muryarta ta dushe. Baba bai yi dogon zance ba. Ya kama hannun Auta ya ɗora a na mijinta, ya ce ita ma akwai 'yan halayenta da ba daidai suke tafiya ba, shi ya san su, ya kuma zauna da su lafiya shekara ashirin da uku.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙuri da juna," ya ce. "Ku tafi, mota tana jira."