Direban da ke Fita a Ƙarshe

Ranar da ta fara ganinsa, usur ta hura masa, kuma da fushi. Ya shigo filin ajiye motocin baƙi da doguwar mota maƙil da magoya bayan ƙwallo, yana neman tsayawa a bakin ƙofa.

"Malam, can ciki, jikin katanga. Ka juya ta ta kalli ƙofa."

"Ranki ya daɗe, in na shiga can yaushe zan fita?"

"Bayan kowa. Wanda ya fara zuwa shi ke fita a ƙarshe."

Ya dube ta cikin rigar aiki mai ƙyalli wadda ta yi mata yawa, ya yi murmushi, ya bi umarni.

Aikinta ke nan duk ranar wasa. Ita ke jera motocin magoya bayan ƙungiyar da ta zo baƙunta, ita ke sallamarsu ɗaya bayan ɗaya in an tashi. Direbobi ba sa shiga kallo, gadin mota suke yi. Haka ita da shi suka zauna kan benci suna jin ihu daga bayan katanga, suna gardamar wa ya ci.

Shi ba shi da ƙungiya, wadda ta ɗauki hayar motar ita ce tasa. Amma tun daga ranar, kowace ƙungiya ce za ta zo, shi ne direban, kuma shi ke fara isowa. Fasinjoji na mitar sammakon da yake sa su, shi ko a jikinsa. Ta lura, ta yi kamar ba ta lura ba, har dai zuciya ta ƙi ba ta haɗin kai.

Washegarin kowane wasa saƙonsa ke shigowa, don ba ya taɓa waya yana tuƙi.

"Mai Usur tawa, na isa lafiya. Mutum sittin na kai gida, amma ni an manta da ni a filinki."

"Sarkin Sammako, ka zo ka ɗauki kayanka. Ba ma ajiyar kwana."

Da maganar ta kai kunnen babanta, sai ya jingine sandarsa. Tsohon direba ne, shekara ashirin yana jan ƙafar dama.

"'Yata, na san mutanen nan, ni ma cikinsu na fito. In lokacin wasa ya matso, fasinja na ihu, babu direban da ba ya taka mota. Ban raine ki don ki riƙa zaman jiran mugun labari ba. Ga yaron nan mai sayar da tikiti, a kujera yake wuni."

Ba ta yi musu ba, don ta ga tsoro ne a idonsa, ba ƙiyayya ba. Ta faɗa wa direban komai. Amsarsa gajeriya ce: "Baba ya yi gaskiya. Ki ba ni lokaci."

Ranar wasa na gaba ta bar masa gurbinsa na jikin katanga har sai da dole ta sa ta ba wani. Motoci tara suka shigo, babu tasa. Mai tikiti ya leƙo da fara'arsa.

"Yau ina na hannun daman naki? Dama mutumin hanya haka yake, kowane gari da tashar da yake tsayawa."

An yi minti ashirin da fara wasa sannan ya iso. Fasinjoji suka sauka suna zaginsa, suka yanyame shi, wasu ma suka fasa shiga kallon don su ci gaba da faɗa. Bai samu ya ce mata uffan ba. Da aka tashi, motarsa ce a bakin ƙofa, ta tare kowa. Da hannunta ta ɗaga masa ya fita. Ya buɗe baki zai yi magana, na baya suka danna hon.

Ta koma gida, ta tarar da babanta a ƙofa, ƙafar nan a miƙe kan kujera.

"Zo ki zauna. Mutumin naki ya zo gaishe ni ɗazu, da motarsa da jama'arsa."

Ta zauna kusa da shi.

"Na tsare shi da surutu da gangan har lokaci ya ƙure. Sannan na ce ya rage min hanya zuwa mararraba, na zauna bayan kujerarsa. Wallahi babu sunan da ba su kira shi ba. Wani har dukan rufin mota yake. Ni kuwa idona na kan allurar gudu."

"Baba, sai me?"

"Ba ta motsa ba, 'yata. Ko kaɗan." Ya shafa gwiwarsa, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ranar da aka yi min irin wannan ihun, na taka. Lafiyar ƙafa kawai na rasa, amma akwai mutum biyu da ba su koma gida ba. Ban taɓa faɗa miki ba."

Ta riƙe hannunsa, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na wanne ba ne a ciki.

Da safe saƙo ya shigo: "Mai Usur tawa, ki yafe min jiya. Na san na faɗi a wurinki. A wurin Baba fa?"

Ta rubuta ta goge har sau uku. "Ya ce ka turo manyanka."

An yi auren bayan an rufe kakar wasa. Da za su tafi, tsohon ya miƙe ba tare da ya nemi taimakon kowa ba, ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Ɗana, ga fasinja guda na ba ka, ba ni da wata. Allah ya yi muku albarka, ya kai ku tsufa tare, ya dawo mata da kai duk ranar da ka fita."

Angon ya sunkuyar da kai, ya amsa da amin.