Jatau Ya Ajiye Gora

A wani gari na bakin kogi, rufin asibiti ya yi yoyo. Attajirai suka shirya tsere: mutum ya haye kogi da iyo, ya taɓa hannun abokinsa, abokin ya ruga. Duk abokai biyun da suka kammala, attajirai za su ba asibiti kwanon rufi.

Jatau masunci ya saba hayewa kwance kan gora. Aka ce ban da gora.

Ya shiga, ya sha ruwa, ya dawo. Washegari ya shiga, ya sha ruwa, ya dawo. Kullum abokinsa Tanko na tsallake, ya miƙo hannu.

"Haƙura mana, Jatau!"

"Hannunka na miƙe zan haƙura?"

Ranar tsere ya haye yana tari, ya cafke hannun Tanko.

"Na shanye kogin. Saura kai, ruga!"