Laima a Kan Mubina

Babu ko ɗigon hadari a saman Bangui ranar da Mubina ta shiga shagon Hudaifa a Kasuwar Kilomita Biyar ta ce a ba ta laima.

"Malama, damina fa da saura."

"Ni rana ce ke duka na," ta ce, ta ɗan ja mayafi. Sai ya ga tabon da ke kumatunta, mai duhun baki, tsakiyarsa ta koɗe. Ya ga idanunta ma, kuma su ya riƙe.

Kafin mangwaro ya nuna, sunanta ya koma "Inuwata" a wayarsa.

Mahaifiyarsa, Hajiya Kyauta, kallo ɗaya ta yi mata ta yanke hukunci. Mutane ba sa buƙatar karatu kafin su zama likitocin 'yar wani.

"Kuturta ce. Ba da jikokina ba."

Ta sa aka ware kofin da Mubina ta sha ruwa.

Likitar fata ta ce sai an yanki ɗan nama daga tabon an kai ɗakin gwaji. Nan kuma 'Yargoggo, kakar da ta raini Mubina, ta tirje.

"Gashinki da farcenki ni nake binnewa tun kina goye. Yanzu namanki zan miƙa wa bare ya yi miki asiri?"

Mubina ta tura masa saƙo: "Masoyi, ɗaya na tsoron fatata, ɗaya na tsoron a taɓa ta. Ko mu haƙura?"

Ya amsa: "Inuwata, ko me gwajin ya ce, ni na riga na ga sakamakona. Ki ce wa Kaka ta raka naman da ƙafarta."

Haka aka yi. Aka kashe wurin da allura, aka ciri abin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. 'Yargoggo ta hau babur ɗin haya ta bi kwalbar naman har ƙofar ɗakin gwaji, tana karanta Ayatul Kursiyyu.

Ranar sakamako Hajiya Kyauta ma ta zo, don a tabbatar mata da gaskiyarta. An yanka naman siriri an rina shi a kan ɗan gilashi, likita ta ɗora shi a madubin gwaji mai ƙara girman abu, ta kira Hajiya.

"Mama, leƙa. Mun nemi ƙwayar kuturta, babu. Waɗannan ɗigo-ɗigon shuɗi garkuwar jikinta ce, ta taru tsakanin fatar sama da ta ƙasa tana yaƙar gidanta. Sunan ciwon lupus. Ba a ɗaukarsa a kofi, ba a ɗaukarsa a shimfiɗa. Magani za ta sha, ta riƙa zuwa awo, ta guji rana."

A garin da ya ga maƙwabci ya far wa maƙwabci lokacin yaƙi, bayanin garkuwa mai yaƙar gidanta bai buƙaci maimaici ba.

Hajiya ta daɗe da ido a madubin. 'Yargoggo ta ce, "Hajiya, in kin gama neman kuturtar, matsa in ga jikata."

Ranar kai amarya, rana ta take kamar da gayya. Hudaifa ya aiko da sabuwar laima, amma ba ƙawaye suka riƙe ta ba. Hajiya Kyauta ce ta karɓe, ta ɗaga a kan surukarta tun daga bakin layi har cikin gida. Da aka kawo ruwa, ta ba Mubina ta fara sha, ta karɓi kofin ta shanye sauran a gaban kowa.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, 'yata, Ya sa ku tsufa tare."

"Amin," in ji 'Yargoggo. "Ki dai riƙe laimar da kyau."