Fitilar Cikin Wake

Dab da magariba Mai Lambu ya koma ɗauko fartanyar da ya manta. Yana tafe yana tsaki. Mijin 'yarsa, wanda yake kira Mai Takarda, ya rataya fitila bisa bokitin ruwan sabulu a tsakiyar wake, wai tarkon abin da ke huda ganye.

Shirme. Faɗa-wuta ba ta tauna komai. Jikinta laushi, fiffikenta gari. Mai ɓarnar buzuzun ganye ne, mai taurin baya, da rana tsaka yake ci, in an taɓa shi ya faɗi ya yi mutuwar ƙarya. Tsohon ya sani sarai, ya ƙi faɗa. So yake waken ya ƙare, ya ga idon ɗan boko.

Ya tarar fitilar na ci. Gyare sun yi tsit. Ƙauri ya bugi hancinsa, kamar na gashi.

Wata mace na tsugune gaban bokitin cikin mayafi ruwan toka, tana tsamo matattun faɗa-wuta tana jerawa a ƙasa.

"Baiwar Allah, lafiya?"

Ba ta juyo ba. Mayafin ya motsa. Ba yadi ba ne. Fukafukai ne, dubbai, suna buɗewa suna rufewa.

"Ɗan Adam," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Ga ido, ga wauta. Me 'ya'yana suka ci muku?"

"Ba su ba ne. Buzuzu ne."

"Au, ashe ka sani. Fitilar wa ce?"

Ya tuna 'yarsa da tsohon cikinta.

"Tawa ce."

"Ko ƙaryar ba ka iya ba."

Ta kama wuyan hannunsa. Sanyi. Babu ƙashi a hannunta.

Mayafin ya tashi gaba ɗaya. Faɗa-wutar suka rufe masa ido, suka cika masa hanci. Gari a harshe.

Numfashi ya ƙi.

Sai ya tuna buzuzu. Ya saki jiki ya zube, ƙafarsa ta shuri sandar fitilar. Fitilar ta faɗa ruwa. Duhu.

Bai motsa ba har ya ji gyare sun dawo da kuka.

Da safe ya ja Mai Takarda cikin kunyoyin waken, ya juya ganye ɗaya.

"Ga ɓarawonka nan, sakarai. Dube shi da kyau."

"Baba, me ya sa tuntuni ba ku faɗa ba?"

Tsohon ya ja hannun riga ya rufe shatin yatsu biyar na gari. Har yau sabulu bai fitar da shi ba.