Daƙiƙa Uku a Ƙarshen Layi

A ɗakin na'urorin kamfanin intanet suka haɗu, shi a kan tsani yana ɗaura waya, ita a ƙasa da littafin lissafinta. Injiniya ce. Aikinta ƙiyasta jiran da kowane saƙo zai yi a cikin rauta, na'urar da ke rarraba saƙonni, domin can ma layi ake bi: kiran murya a gaba, fina-finai a baya.

"Dogo, kada ka faɗo."

"Ai na riga na faɗa, ƙanwata."

Bayan wata shida aka tura Dogo aiki gari mai nisa, sai ya kira mahaifinta ta layin kamfani don gabatar da kansa. Baba na tsakiyar magana, Dogo ya faɗo da tasa. Baba ya yi tambaya, shiru.

"Yaron da ke katse babba tun bai samu ba? Ba da 'yata ba!"

Saƙon Dogo ya shigo: "Tauraruwata, wallahi sai na ji Baba ya yi shiru nake buɗe baki. Kada ki bari a raba mu."

Ta sake lissafi. Jiran kira bai kamata ya kai ƙiftawar ido ba, amma da ta auna na Dogo, daƙiƙa uku cur! Shi ya sa maganarsa ke isa a makare, ta faɗa kan ta Baba. Ta bincika rautar. Manajansu, wanda ta ƙi soyayyarsa sau biyu, shi ya tura layin Dogo bayan fina-finai.

Ba ta zubar da hawaye ba. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Ranar da Manaja ya kira Baba don gwada sa'arsa ta neman aurenta, ta ajiye layinsa daidai inda ya ajiye na Dogo. Sau bakwai ya katse Baba.

"Kai, rufe mini baki!" Baba ya kashe wayar yana huci.

Nan ta zayyana wa Baba komai. Ta gyara layin, ta kira Dogo. Baba ya yi nasiha mai tsawo, Dogo bai ce uffan ba sai da ya kai aya. Washegari ta kai shaidar gaban shugabanni, aka sallami Manaja, ya kwashe kayansa a kwali.

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kafaɗar ango. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Dogo ya ƙirga uku a ransa, sannan ya ce, "Amin, Baba."