Hira Da Manajan Kamfanin Man Gyaɗa

“Manaja ba ya nan.”

Mu'mina ta dubi sakatariyar, ta waiwaya ta dubi farar motar da ke ƙarƙashin bishiyar darbejiya a harabar kamfanin, ta sake dubanta.

“Baiwar Allah, waccan motar ta waye?”

“Ni ba mai gadin motoci ba ce,” in ji sakatariyar, Sauda, ko ɗago kai ba ta yi daga wayarta ba.

“Zuwana na huɗu ke nan fa! Na huɗu! Daga Wulari nake shigo keke har Galtimari cikin wannan ranar. Takardar da na bari ranar Talata, kin ba shi?”

“Na ajiye.”

“Kin ajiye ko kin ba shi?”

Sauda ta yi wani ɗan murmushi mai ƙona rai. “Ki dawo jibi.”

Jibi Asabar ce. Ranar Litinin kuma malaminsu, Malam Jonathan, zai karɓi aikin, kuma ya rantse duk wanda bai kawo ba sai ya maimaita darasin baɗi. Shi ya raba wa ɗaliban ajin kamfanoni da hannunsa, kowa ya je ya yi hira da manaja a kan yadda ake tafiyar da kasuwanci. Ƙawayenta duk sun gama tun makon jiya. Ita ce aka haɗa da kamfanin matsar man gyaɗa, inda manajan ba kowa ba ne illa Nuraddeen.

Nuraddeen ɗin da ya shekara biyu yana zuwa zance ƙofar gidansu, sannan wata goma da suka wuce ya ɗauke ƙafa ɗif, ba faɗa, ba sallama. Ta kira har ta gaji. Saƙo ɗaya tak ya turo mata: “Ki yi haƙuri, ki mai da hankali ga karatunki.”

Har ofis ta bi Malam Jonathan tana roƙon ya canza mata kamfani. Ya gyara tabarau ya ce, “'Yata, in kin fara aiki, ke za ki riƙa zaɓen wanda za ki zauna da shi?”

Ta fito daga ofishin sakatariyar idonta ya ciko da ƙwalla, ba na baƙin ciki ba, na tsabar takaici. Wato bai ishi Nuraddeen ba ya watsar da ita, sai ya haɗa har da karatun da ya ce ta mai da hankali a kai?

Ta kusa bakin ƙofa sai ta tsaya cak.

Daga bayan ginin ƙarar injin ke tashi, ƙamshin soyayyar gyaɗa ya cika wurin. Ta gyara laffayarta, ta juya.

“Ke! Ba a shiga nan!” Sauda ta biyo ta da sauri, takalminta na ƙwas-ƙwas.

Mu'mina ba ta ko waiga ba.

Nuraddeen na tsaye a gaban injin, hannun riga a naɗe, yana nuna wa ma'aikata wani abu. Ya juyo. Takardar da ke hannunsa ta sulale ƙasa.

“Mu'mina...?”

“Ranka ya daɗe, Manaja,” ta ce da ƙarfi don ta rinjayi ƙarar injin. “Minti ashirin nake roƙo. Tambaya goma. In na gama ba za ka sake ganin ƙeyata ba!”

“Wace tambaya? Yaushe kika zo?”

“Yau, da Talata, da Alhamis ɗin da ta wuce, da Litinin kafin ita!”

Ya dubi Sauda. “Ta zo sau huɗu?”

“Yallaɓai, na ga kana da aiki da yawa ne...” Muryarta ta yi ƙasa. “Kuma na ga ita ce wadda hotonta yake cikin durowarka, na ce kada ta tayar maka da hankali.”

“Me ya kai ki durowata?”

Ya nuna mata hanyar ofis.

“Je ki kawo min takardar da ta bari. Sauran maganar sai anjima.”

A ofis Mu'mina ta ƙi zama kujerar da ya ja mata, ta zaɓi ta nesa. Ta buɗe littafi, ta danna naɗar murya a wayarta.

“Tambaya ta ɗaya. Ma'aikata nawa ne a ƙarƙashinka?”

“Talatin da bakwai. Kin rame, Mu'mina.”

“Ta biyu. Daga ina kuke sayo gyaɗa?”

“Biu da Damboa, wani lokaci har Gombe. Ya jikin Mama?”

“Ba a cikin tambayoyin yake ba!”

Ya amsa ta uku da ta huɗu tiryan-tiryan, har ta ji haushin yadda ya iya bayani. Alƙalaminta na gudu, zuciyarta na tafasa. Da ta zo ta bakwai sai ta karanta ba tare da ta ɗago ba.

“Idan za ka sallami ma'aikaci, kana sanar da shi dalili?”

“Dole ne. Haƙƙinsa ne.”

Ta ajiye alƙalamin a hankali.

“Haƙƙinsa ne,” ta maimaita. “Mai share gyaɗa yana da haƙƙin jin dalili. Ni ce ban da shi?”

“Mu'mina...”

“Wata goma, Nuraddeen! Na zauna ina lissafa laifukan da ban yi ba. Ƙawayena suna min kallon tausayi. Har asibiti aka kai ni!”

Ya miƙe zumbur. “Asibiti? Ba wanda ya faɗa min!”

“Wa zai faɗa maka? Sakatariyarka?”

Ya koma ya zauna, ya dafe goshi.

“Ya Babagana ne ya same ni a masallaci. Ya ce sakamakonki ya faɗi saboda ni. Ya ce marigayi Baba ya bar masa wasiyya ki gama karatu kafin komai. Ya sa na yi alkawari ba zan zo ba, ba zan kira ba, ba kuma zan faɗa miki ba, sai kin rubuta jarrabawar ƙarshe. In na saɓa, ya ce ko sadakin duniya na kawo ba zai ba ni ke ba.”

Babagana yayanta ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu. Shi ne kuma ya riƙa ce mata, “Rabu da shi, samarin yanzu ke nan.”

“Sai ka yarda?”

“Na ji tsoron in rasa ki gaba ɗaya, Hasken idona.”

“Kada ka kira ni da wannan sunan!” Hawayen da take riƙewa suka zubo. “Ku biyu kun zauna a masallaci kun yanke min hukunci kamar buhun gyaɗa. Ba wanda ya ce bari a tambaye ta!”

“Na yi kuskure. Wallahi na yi kuskure. Ki yafe min.”

Ta share fuska da gefen laffaya, ta ɗauki alƙalami.

“Tambaya ta takwas,” ta ce.

Ta gama duka goman, ta fita ba ta ce masa ta yafe ba. Amma da ya ce zai kai ta gida, ba ta ce a'a ba. A kujerar baya ta zauna.

Da la'asar ɗin nan gidansu ya ɗauki zafi. A gaban Mama ta kunna wa Ya Babagana muryar da ta naɗa.

“Don amfaninki na yi,” ya ce yana sosa ƙeya. “Ba ga shi sakamakonki ya gyaru ba?”

“Ya gyaru ne don ba ni da abin yi sai kuka da karatu!”

Mama ta ajiye kaskon turaren da ke hannunta. “Babagana, mahaifinku cewa ya yi ta gama karatu. Bai ce a kwantar min da 'ya a gadon asibiti ba. Ina tambayarka me ke damunta kana ce min zazzaɓi ne? Tashi ka kira yaron nan, ka ce ya turo manyansa.”

Ranar Litinin ta miƙa aikinta. Ranar Juma'a Nuraddeen ya zo gidan bayan sallar la'asar, aka tsayar da maganar aure sai bayan jarrabawa.

Mu'mina ta yi kwalliya, ta turara laffayarta, ta zauna jiran a kira ta zaure. Rabin awa. Awa guda. Ta leƙa ta taga, sai ga shi da Ya Babagana a kan tabarma ɗaya, suna shan shayi suna ƙyaƙyata dariya a kan ƙwallo kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

“Mama, kin gan su ko? Ni fa aka zo gani!”

Mama ta yi dariya har da riƙe ciki.

Mu'mina ta figi mayafinta, ta fita ta tsaya a kansu.

“Ya Babagana, ana kiranka a ciki.”

“Wa ke kirana?”

“Ni. Tashi.”

Ya tashi da kofinsa a hannu yana gunaguni. Nuraddeen ya ɗago yana murmushi.

“Kin yafe min, Hasken idona?”

Ta zauna a bakin tabarmar, ta kau da kai don kada ya ga fuskarta.

“Zuba min shayin tukuna,” ta ce. “Kuma daga yau, duk maganar da ta shafe ni, da ni za a yi ta.”